Gulbi, Ba Galbi Ba

Da sunan Allah nake fara wannan babin, kuma ku 'ya'yana nake rubuta wa, domin na san maganar da kuka tashi kuna ji a gidan baffanku Haruna: wai ubanku ne ya fitar da Inna daga Harami, ta je ta mutu a waje kamar wadda ba ta da gata. Shekara ashirin da wani abu ke nan ban ce uffan ba. Yanzu gwiwata ta mutu, idona ya rage, ba na so in tafi in bar ku da rabin labari. Abin da aka faɗa gaskiya ne, ni na fitar da ita. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne sau bakwai na fitar da ita, kuma da za a mayar da ni wannan shekarar, da na nemi ta takwas.

Kun san halin ubanku, ba sai na ɓoye ba. Ni ne mutumin da ke alwala sau uku kafin ya yarda ta yi. Ni ne mai komawa gida daga bakin titi don in taɓa kan tukunyar gas. Karatuna bai wuce ibtida'i ba, wato firamare, daga nan na shiga aikin tura arabiya, keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da Safa da Marwa. Ko a can ɗin ban huta ba. In na yi shakkar zagaye na biyar ne ko na shida, sai in ƙara ɗaya, har abokan aiki suka sa mini Idi Waswasi. Na faɗi wannan ne don ku san ba mutum mai ganganci ne ya yi abin da ya yi ba.

Inna, mahaifiyata, kakarku, 'yar Sarkawa ce daga ƙasar Yawuri, masu kamun kifi. Ita da Baba sun yi shekara huɗu a hanya kafin su iso Makka, wani wuri a ƙasa, wani wuri a bayan babbar mota, suna tsayawa ƙwadago a Sudan. A unguwar Tandabawi suka zauna, a nan aka haifi Yaya Haruna, aka haife ni. Baba yana da magana ɗaya da yake maimaitawa har muka haddace ta, cewa ba don su rayu suka zo nan ba, sun zo ne su mutu a maƙwabtakar Ɗakin Allah. Ya kuwa samu abin da yake so. A ɗakinsa ya cika, aka sallace shi a Harami. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara ƙetare alamar haddin Harami ba, wato iyakar ƙasa mai alfarma da ta kewaye Makka. Ba ta zuwa Jidda rakiyar baƙi, ba ta zuwa Tan'im ɗaukar umara, kada ajali ya riske ta taku goma a waje. Likkafaninta, wanda ta wanke da Zamzam ta shanya a saman soro, yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta. Shekara goma sha tara tana haka. Yaya Haruna, da yake shi ne babba kuma a gidansa take, ya riƙi wannan abu tamkar shi ne gadon da Baba ya bar mana. In baƙi sun zo daga Najeriya har nuna ta yake yi.

A shekarar da nake ba ku labari zuciyarta ta yi rauni. Ƙafafunta suka kumbura, likita ya hana ta gishiri da mai, ya kuma ja mu gefe ya ce mu shirya. Sai ta shiga wata magana da ba ta fasawa. Tana zaune a kan darduma, ta kalli bango, ta ce, "Gulbi. Gulbi nika so." 'Ya'yan Yaya Haruna Larabci ya fi ƙarfi a bakinsu, kamar ku. Abin da kunnensu ya ji shi ne galbi, wato zuciyata. Sai gida ya rikice, a nemo mota, a ruga da ita mustashfa, wato asibiti. Sau uku aka yi haka cikin wata ɗaya. Kowane zuwa a ɗaura mata wayoyi a ƙirji, a ce babu sabon abu, a dawo da ita tana harare-harare. Ni ma da nake ganin ina jin Hausa, galbi na ji. A garin duwatsu aka haife ni, me zai haɗa ni da wannan kalmar?

Wata hajiya ce daga Argungu ta warware mini, ba tare da ta sani ba. Ina tura ta a Safa da Marwa bayan azahar, ta leƙa ta ga jama'a suna kwarara a ƙasa, sai ta ce, "Kai, kamar gulbi ya kawo!" Na tsayar da arabiya a tsakiyar hanya, har na baya suna yi mini tsawa. Na tambaye ta mene ne gulbi. Ta dube ni kamar ta ga Bahaushen da bai san tuwo ba, ta ce, "Ruwa mana, ɗana. Babban ruwa mai tafiya." Ban san zagaye nawa muka yi ba a ranar. Na ƙara mata biyu don in fita daga shakka, na nufi Tandabawi.

Na same ta ita kaɗai. Na durƙusa na ce, "Inna, ruwa kike so ki gani?"

Ta ɗago ta kalle ni. Sannan ta ce, "Sai yau aka samu mai kunne cikin gidan ga."

"Amma Inna, babu gulbi a ƙasar nan. Sai bahar, wato teku, kuma bahar a waje yake. Shu'aiba ma, da ta fi kusa, sai an wuce haddi da nisa."

"Na san inda yake. Ta cikinsa na zo."

"In wani abu ya faru a can fa?"

"Shi ya sa kai nac ce ma, ba Haruna ba. Kai ne za ka duba ƙafar mota sau bakwai."

Kwana tara ban yi barcin kirki ba. Na je wurin wani malami ɗan Kano da ke karantarwa a unguwarmu, na tambaye shi ko akwai laifi a kai tsohuwa mara lafiya bakin teku in ita ta nema. Ya ce babu, biyayya ce ma. Na je wurin na biyu, ya faɗi haka. Na uku ya gaji da ni, ya ce, "Malam Idi, fatawa kake nema ko wanda zai hana ka?" Gaskiyarsa, mai hana ni nake nema. Na tambaye shi ko ruwan gishiri yana alwala, ya ce yana yi. Na tambaye shi ko sai mun ɗaura harami in za mu dawo, ya ce mu ba baƙi ba ne, gida za mu koma, in tashi in ba shi wuri.

Mahaifiyarku Sa'adiyya ce ta aro mana motar yayanta. Ranar Alhamis na zaɓa, domin ranar ce Yaya Haruna ke wuni a shagonsa na kayan tsaraba, kuma dama ni ke ɗaukar Inna duk Alhamis ta wuni a gidanmu. Ban yi wa kowa ƙarya ba. Ban iya ba. Ba a dai tambaye ni ba. Na duba takardunmu na iƙama, na izinin zama, har suka fara laushi a hannuna, na ɗauki magungunanta, da jarkar Zamzam, da arabiyata ta aiki. Da za mu fita sai ta nuna ƙarƙashin gado, ta ce a ɗauko akwatin. Na saka likkafanin a bayan mota. Da muka zo alamar haddi na rage gudu, ina jira ta ce mu koma. Ta ce, "Mi ya faru, man ya ƙare?" Muka wuce. Tun daga nan nake kallon agogo. Minti hamsin ne daga alamar zuwa bakin ruwa, na riƙe wannan lissafin a kaina kamar adadin raka'a.

Rana ta take sosai da muka isa. Hasken da ke tashi daga ruwan ya sa na runtse ido. Babu kowa sai wasu iyalai can nesa a ƙarƙashin rumfa, da kwalekwale biyu a ɗaure. Ni da na shekara ashirin ina tura arabiya a kan marmara, ban san ba ta tafiya a yashi ba sai ranar. Ƙafafun arabiyar suka nutse. Na juya ta da baya ina ja, gumi yana zuba, Sa'adiyya tana riƙe da laima tana dariya. Da muka kai inda ruwa ke lasar ƙasa, Inna ta ce a cire mata safa. Ta sa kumburarrun ƙafafun nan a ciki. Ba ta yi kuka ba, kada wani ya ƙara muku gishiri a labarin. Ta ɗebo ruwan da tafin hannu, ta shinshina, ta ce wannan gulbin ba shi da ladabi, zuwa yake yana komawa, bai san inda ya nufa ba. Sannan ta yi alwala da shi, sau ɗaya tak, ta dube ni ta ce, "Ka gani? Haka aka yin ta."

A kan hanyar akwai wani gidan cin kifi, rumfar kwano ce da ɗakuna na iyali da aka raba da labule, ana zama a ƙasa. Mutum yakan zaɓi kifinsa a kan ƙanƙara, a auna, a soya masa, a kawo da shinkafar sayyadiyya mai launin ƙasa da miyar tsamiya. Na so in wuce, saboda maganar likita. Inna ta ce in tsaya. Na tura ta har gaban tiren kifin. Mai wurin wani dattijo ne ɗan Jizan, baƙi siriri, ya nuna mata najil ja da hamur yana yabonsu. Ta miƙa hannu ta buɗe kunnen kifin, ta danna cikinsa da yatsa, ta ture. Ta yi wa na biyu haka, ta ture. Da guntun Larabcinta ta ce masa, "Hada ams." Wai na jiya ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon ya tsaya yana kallonta, sai ya fashe da dariya, ya ce, "Ya hajja, ke 'yar ruwa ce!" Ya shiga baya ya fito da wani a cikin bokiti, yana motsi. Tun daga ranar take kiransa Sarkin Ruwa, shi kuma in ya hango motarmu sai ya ɓoye na kan ƙanƙara.

Da aka kawo abincin na zauna ina tsince mata ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga kowace tsoka ga haske. Ta buge mini hannu.

"Ɗiyar Sarkawa za ka cire ma ƙaya? Tun ubanka bai san sunana ba nika cin kurungu da duhu."

"Inna, likita ya ce mai..."

"Likita ya ci nashi. Miƙo mini kan."

Ta tsotse kan kifin nan tas. Matar da wata biyu ana fama da ita ta sha kunu rabin kofi, ta cinye kifi guda da shinkafa, tana ba Sa'adiyya labarin giwan ruwan da mahaifinta ya taɓa kamawa, wanda sai da maza huɗu suka ɗauke shi. Shekarata arba'in da uku a lokacin, ban taɓa jin sunan kakana ba sai a wannan rumfar. A hanyar dawowa, da muka shigo haddi, na sauke numfashi na ce alhamdu lillahi, an gama. Daga baya na ji muryarta: "Alhamis mai zuwa mu tafi da wuri."

Haka muka yi ta yi. Mun je Jidda ta ga kasuwar kifi, ta yi faɗa da masu sayarwa uku. Mun gangara kudu wajen Lis, inda ruwan ya fi kore, ta ce kifinsu ya fi daɗi amma ba su iya tsamiya ba. Sauran duk Shu'aiba muka koma, wurin Sarkin Ruwa. Ni kuwa ban ji daɗin ko ɗaya ba, in faɗa muku gaskiya. Tana kallon ruwa, ina kallon ƙirjinta, ina lissafin minti nawa ne tsakaninmu da haddi. Na rame. Ita ta yi haske.

Bayan tafiya ta huɗu asirinmu ya tonu. Na wanke arabiya, amma gishiri ya bushe ya yi fari a jikin ƙarfen, ga yashi a cikin ƙafafun. Yaya Haruna ya shafa da yatsa ya ɗanɗana. Ya kira ni zaure.

"Idrisu, ina kake kai ta?"

"Bahar."

"Bahar! Ya majnun, ka haukace ne, kai da ba ka iya fita gida sai ka koma sau uku? Shekara goma sha tara tana tsare abin da ta baro ƙasarsu dominsa, kai za ka zubar mata da shi a kan soyayyen kifi?"

"Yaya, ba galbi take cewa ba. Gulbi take cewa. Ruwa take nufi."

Ya kawar da kai. Sannan ya ce, "Na sani. Tun ranar farko na sani. Baba yakan faɗi kalmar."

Wannan ce maganar da ta sauya ni. Ashe ya ji, ya bari aka yi ta jigilar tsohuwa zuwa mustashfa sau uku ana ɗaura mata wayoyi, don kada ya amsa abin da ta roƙa. Ban ce mugunta ce ba. Yana son ta, kuma yana ganin lahirarta yake tsare mata. Amma ni da ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, na ji bakina yana cewa, "Ranar Alhamis zan zo in ɗauke ta. In za ka hana, ka shiga ka faɗa mata da bakinka, da Hausa." Ya shiga. Ina jin su ta labule. Ya kawo mata maganar Baba, ya kawo falalar Harami, har muryarsa ta karye. Ta bar shi ya gama, ta ce, "Haruna, ubanka ya samu tashi mutuwar. Bar ni in samu tawa. Wanda ya yi Harami shi ya yi gulbi." Ya fito bai dube ni ba.

Alhamis ta bakwai ta faɗo cikin tsananin zafi. Ta ci kifinta, ba da yawa ba, ta ce wa Sarkin Ruwa yau hannunsa ya yi nauyi da gishiri. Muka kai ta bakin ruwa bayan azahar, Sa'adiyya ta kafa laima. Ba a jima ba na ga numfashinta ya canja, leɓɓanta sun yi duhu. Abin da na yi wata biyu ina jira ya zo. Na cafki hannun arabiya na fara ja da baya, ina cewa, "Minti hamsin ne, Inna, minti hamsin kawai, za mu kai." Sai na ji arabiya ta tsaya. Ta sa hannunta ta riƙe ƙafar keken.

"Aje ni."

"Inna, don Allah. In na yi gudu arba'in ma ya isa."

"Shekara goma sha tara ina gadin mutuwa kamar mai gadin shago. Na gaji. Ta zo ta ishe ni inda nike."

Ba ta da nauyi a lokacin. Da hannu ɗaya zan iya ɓamɓare yatsunta in sungume ta zuwa mota, kuma wataƙila da mun kai. Na san wannan, ba sai baffanku ya tuna mini ba. Na tsaya ina jin muryar Baba a kunne ɗaya, da ta Yaya Haruna a ɗayan. Sannan na mayar da arabiya inda take, na danna birki, na durƙusa a cikin ruwa na gyara mata ƙafafunta su shiga sosai. Na karkata ta ta fuskanci gabas, wajen Ka'aba, ruwan yana gefenta. Na ɗiga mata Zamzam a baki, na yi ta laƙƙana mata kalmar shahada, ta faɗa sau biyu a fili. Kafin la'asar ta cika.

Muka kwantar da ita a kujerar baya, Sa'adiyya ta rungume kanta. Ban yi gudu ba. Da muka wuce alamar haddi mahaifiyarku ta yi magana a hankali, kuma ban taɓa riƙe ta da ita ba, sauƙi take nema mini.

"Abu Ahmad, daga ni sai kai sai Allah. In an tambaya, ka ce a nan ta cika. Ka ce mun shigo."

Na so in iya. A mustashfa ma'aikaci ya tambaye ni inda ta rasu, na ce Shu'aiba. Wannan kalmar ta jawo mana kwana biyu na tambayoyi da takardu kafin a ba mu ita. Yaya Haruna ya iso yana haki, ya tare ni a baranda a gaban 'ya'yansa da maƙwabta. Bai tambayi yadda ta cika ba, bai tambayi ko ta yi shahada ba.

"A ciki ko a waje?"

"A waje."

"Da nisa?"

"A bakin ruwa. Ta ce in ajiye ta, na ajiye ta."

An sallace ta a Harami bayan azahar, cikin likkafaninta na Zamzam, aka kai ta maƙabartar Shara'i. Tun daga ranar baffanku bai ƙara taka gidana ba. Da aka rushe layinmu muka dawo Rusaifa, bai zo ganin gida ba. Bai zo sunan ƙanwarku Maryam ba, alhali sunan Inna aka sa mata. A Idi muna musafaha da yatsu biyu. Abokan aikina da yawa sun daina zama kusa da ni wurin shan shayi, wata tsohuwa a Tandabawi ta tofar da yawu da na wuce. Ku ma kun biya naku, na ga yadda kuke dawowa daga gidansu kuna sunkuyar da kai. Wannan ne kaɗai ya dame ni, shi ya sa na ɗauki biro.

Ban san abin da Allah ya tanadar wa wanda ya cika a ciki ko a waje ba. Ni ba malami ba ne, kuma ba na raina Harami, a cikinsa na ci abincina duk rayuwata. Abin da na sani shi ne uwata ta roƙi abu ɗaya da harshenta, gida guda aka yi kamar ba a ji ba. Har gobe ina maimaita alwala. Jiya ma sau biyu na sauko daga bene don in taɓa tukunyar gas. Babu abin da na aikata a duniya da ban koma na yi shakkarsa ba, sai birkin nan da na danna a bakin ruwa.

Arabiyar tana saman soro, gishiri ya cinye ƙafafunta. Babbanku Ahmad ya ce a ba masu gwangwan, na hana, kuma ina ƙara hanawa a rubuce. In wani ya sake ce muku ubanku ne ya fitar da Inna, kada ku sunkuyar da kai, kada kuma ku yi faɗa. Ku ce e, shi ne, sau bakwai. In ya tambayi dalili, ku tambaye shi ko ya san mene ne gulbi.